Manyan Tayoyin Kalilu

Duk wanda ya zauna a tashar Jibiya a shekarun dalar gyaɗa, wajen alif ɗari tara da hamsin da biyar, ya san motar Kalilu. Kitika ce, ƙaramar motar nan mai buɗaɗɗen baya da yanzu ake ce wa a-kori-kura. A Kano ya saye ta bayan yaƙi, a lokacin ma ta riga ta ga jiya ta ga yau. In za ta tashi da safe sai ta yi ta tari kamar tsohon mashayin taba, amma ba ta taɓa kwana a daji ba. Ni ne mai yi mata faci, sunana Bawa, kuma Kalilu taubashina ne, ɗan kawuna. Don haka ina da izinin faɗa masa abin da kowa ke jin nauyin faɗa, na kuwa mori izinin nan yadda ya kamata.

Tayoyinta na asali sirara ne, lamba shida, kuma su suka dace da ita. A kan burjin da ya tashi daga Katsina ya bi ta Jibiya ya shiga ƙasar Faransa, wato Nijar ta yau, ba su da nauyi, inji ba ya wahala, garwar fetur guda takan kai ta Maraɗi har a sami saura. Ma'aunin man ya daɗe da mutuwa, da karan dawa Kalilu ke leƙa tanki, kuma bai taɓa kuskure ba.

Wata ranar kasuwa bayan kaka sai ga shi ya gangaro wasu tayoyi huɗu zuwa rumfata, faffaɗa, masu kaurin haƙora. Daga wata matacciyar motar sojan Faransa aka ciro su.

"Ka sa mani su," in ji shi.

"Waɗanga? Ɗan kawu, jaki za ka sa ma takalmin raƙumi?"

"Lamba bakwai da rabi ne. Ba su nutsewa cikin rairayi."

"Na sani. Amma ka ɗaga guda ka ji nauyi. Injin ga tsoho ne, sai ya yi nishi kahin ya juya su, nishin mota kuwa mai ne. In ka sace masu iska don rairayi, shan ya ƙaru. Wane rairayi ma za ka shiga, kai da ba ka sauka daga burji?"

"Gyaɗa na nan jibge cikin ƙauyukka, babu mai kwasowa."

Na dube shi, ya dubi tayoyin. Kalilu bai iya ƙarya ba, in ya yi ta sai ya kama gyara hula. Ya gyara ta kuwa.

Ni na san gyaɗar da yake nufi. Yana da 'ya, Salmatu, 'yar farinsa. Uwarta ta rasu tun tana tatata, sai yayarsa Hajjo ta ɗauke ta zuwa Garin Ɗantala, wani ƙauye a tsallaken iyaka, can gabas cikin jigawa, inda hanyar jakuna kawai ke zuwa. A can ta girma, a can aka yi mata aure. Mu kuwa a wurinmu ɗan fari ba naka ba ne. Ba ka kiran sunansa, ba ka zama hira da shi, ba ka nuna ka damu da shi a gaban mutane, in ka yi a ce ba ka da kunya. Kowa na yin wannan kunyar daidai gwargwado, amma Kalilu ya ɗauke ta kamar farilla. "Yarinyar wurin Yaya" yake ce mata. In 'yan Garin Ɗantala suka zo kasuwa sai ya tambaye su ruwan bana, ya tambayi gero, ya tambayi awakin Hajjo, sannan ya tsaya shiru yana jiran wani ya kawo zancenta da kansa. In ba a kawo ba haka zai koma gida, ya yini ba ya magana. Kewarta na cinsa, ni kuma abin na ba ni haushi, yana ba ni tausayi.

Na sa masa tayoyin. Sai da na bubbuga ƙarfen da ke rufe su da guduma don kada su riƙa goga, motar ta tsaya ƙerere kamar wadda ta ari ƙafafun wani.

"Gobe da sassahe ka raka ni Maraɗi mu gwada su," in ji shi.

Da safe muka tsaya wurin mai fetur, tasha cike da direbobi da fatake. Mai fetur ya ɗaga murya yadda ya saba, "Ina aka nuhwa, Kalilu?"

"Maraɗi."

"To, garwa guda ke nan."

 Na ga bakin Kalilu ya motsa, ya dubi mutanen da ke zaune kan benci, duk sun san shi, duk sun san inda 'yarsa take. Wanda za shi Maraɗi bai taɓa sayen garwa biyu ba, in ya ce a ƙara sai an tambaye shi dalili. Ya gyara hula ya ce, "Guda."

A shingen duwan, wato kwastan ɗin Faransa, gardi, ɗan sandansu, ya zagaya motar yana buga tayoyin da sanda yana yaba su, ya tambayi inda za mu, Kalilu ya sake cewa Maraɗi. Aka ɗaga mana sanda. Ba mu yi nisa da shingen ba sai ya karya kan mota dama, ya sauka daga burji, ya kama hanyar jakuna.

"Maraɗi ta ƙaura ne ban ji ba?" na ce.

Can gaba muka tsaya sace wa tayoyin iska. Yana tsugune jikin taya, ya ba ni baya, sannan ya faɗa. Wani mai gishiri ne ya kawo masa saƙo daga Hajjo. Mijin Salmatu ya yi niyyar Makka da ƙafa, ta Damagaram da ƙasar Barno har Sudan, kuma da matarsa za shi. Yau ayarinsu zai tashi. A zamanin nan wanda ya tafi haka, in ya dawo da wuri ya yi shekara biyar, da yawa kuwa can suke zama.

"Na ce in kwashe su da kayansu in kai su bakin babbar hanya," in ji shi. "Don lada. Alhazai ne, kowa ya taimaka masu ya samu."

Sai na gane dabarar. Ba wanda zai zargi mai neman lada. Da sunan sadaka zai ɗauki ayari, 'yarsa na ciki, su yi yini guda a mota ɗaya, yana jin motsinta a bayansa. Wannan yinin ya saya da tayoyin nan, shi ya sa ya ƙi jin maganata.

"Da garwa guda?"

"Garin Ɗantala bai hi Maraɗi nisa da yawa ba. Bakin babbar hanya akwai mai."

"Da tsohhin tayoyi kake lissahi, ɗan kawu, kuma kan burji. Da ka raɗa mani jiya, da na ce ni nika son garwa ta biyu, ni da ba ni da 'ya can."

"Allah na nan," ya ce, ya tashi ya kaɗe rigarsa.

Gaskiya tayoyin sun yi abin da aka saye su dominsa. Inda sirara za su nutse har gindi, waɗannan sai su bi ta kan rairayi su wuce. Amma ba mu fita daga giya ta ɗaya da ta biyu ba, inji na kuka, ruwa na tafasa. Kalilu ya tsaya ya zura kara a tanki, ya duba, bai nuna mini ba. Da ya sake tsayawa ya zura, sai ya jefar da karan. Hantsi ya yi zafi lokacin da motar ta yi tarinta, ta ja kaɗan, ta mutu a gindin wata aduwa.

Ban ce masa na faɗa maka ba. Maganar ta zo har bakina, amma na ga fuskarsa, na haɗiye. Ya ɗauki wani ƙunshi daga bayan kujera, ya saɓa, muka kama tafiya da ƙafa. Mu biyu ba yara ba ne, rairayi kuwa in ka taka gaba sai ya maido ka baya. Kalilu bai tsaya ba ko don shan ruwa, ni ina binsa ina tsine wa sojan Faransa da tayoyinsu a zuci.

Bayan azahar muka shiga Garin Ɗantala. Gidan Hajjo shiru, sai wata tsohuwa da ta ce sun tashi tun ɗazu, masu rakiya sun bi su zuwa rijiyar gabas, inda ake cika salka a yi sallama. Muka sake ɗaukar hanya.

Mun same su, amma a kan tashi. An gama cika salkuna, an ɗaure wa jakuna kaya, mata na share hawaye. Mijin Salmatu na hango surukinsa ya durƙusa daga nesa ya gaishe shi, ya zame bayan mutane. Hajjo ta dubi ƙafafun ƙanenta, ta dubi fuskarsa, ta karɓi ƙunshin ta cusa cikin kayan Salmatu. Salmatu kuwa na tsaye bayan wani jaki, ta ja mayafi ta sunkuyar da kai.

Madugun ayarin, wani dattijo mai suna Arzika, ya miƙo hannu. "Malam Kalilu, an ce da mota za ka taho. Munka jira har rana ta take. Ina motar?"

A nan ne abin mamaki ya faru. Kalilu, mutumin da in ya yi maka magana uku a yini ka ci riba, sai ya buɗe baki. Ya gaya wa Arzika yadda siririyar taya ke yanka rairayi ta nutse, da yadda faffaɗa ke shimfiɗuwa a kai. Ya bayyana masa lamba shida da lamba bakwai da rabi. Ya ce babbar taya na sa tsohon inji nishi, nishin mota kuwa mai ne, maganata ce ya ara ko kunya babu. Arzika bai taɓa hawa mota ba a rayuwarsa, yana ta "Ikon Allah, ikon Allah," yana satar kallon rana. Kalilu kuwa ya ɗaga murya fiye da yadda ake bukata don mutumin da ke gabanka, kuma ko sau ɗaya bai waiwayi wajen jakin nan ba.

Na ji kunya ta kama ni a madadinsa. Mutum ya keto jigawa da ƙafa don 'yarsa, ya zo ya tsaya yana wa'azin taya. Na zagaya wajen Salmatu, don ni babu wannan kunyar tsakanina da ita. Tana ta jan wata igiya da ta riga ta ɗauru tam.

"Sannu, Baba Bawa," ta ce a hankali. "Da ƙahwa kunka taho?"

"Da ƙahwa, ɗiyata. Bari in je in katse tsohon ga, ya tsare maku madugu da shirme, ko sallama bai yi maki ba."

Ta kama hannun rigata. "A'a, Baba. Kak ka katse shi. Bar shi ya yi ta hwaɗi."

Na tsaya. Hawaye na ɗiga kan igiyar, amma kunnenta na wajensa, ba ta son ko kalma ɗaya ta wuce ta. Sai na tuna tun da aka haife ta ba ta taɓa jin muryar ubanta ta daɗe haka ba. Muka saurari zancen taya tare, har ya kai ga yadda ake sace iska.

Arzika ne ya gaji ya ɗaga hannu aka yi Fatiha. Kalilu ya shafa, ya dubi ayarin gaba ɗaya, ya ce, "Allah shi kai ku lahiya, shi maido ku lahiya." Aka ce amin. Jakuna suka motsa, Salmatu ta bi bayan nata. Masu rakiya suka juya gida, Hajjo ma ta juya, muka rage mu biyu a bakin rijiya. Yanzu da babu kowa sai ya kalle ta, ya yi ta kallo har kalgo ya rufe su. Wannan ne ganinsa da ita na ƙarshe, don daga baya labari ya zo sun zauna a Sudan.

Muna nan tsaye a bakin rijiyar. Can ya yi gyaran murya, bai dube ni ba.

"Na ga ka je wurin yarinyar. Ta ce wani abu?"

"Ta ce kar in katse ka. Ta ce in bar ka ka yi ta magana."

Ya kai hannu zai gyara hula, hannun ya tsaya a hanya. Ya zauna a kan rairayi inda yake tsaye.

"Da na sani tana saurare," ya ce, "ai da ban gama ba."