Tsakiyar Gonar Baba Barau

"Riƙe min nan," in ji Zayyad. "Ba wannan ba, jar wayar."

Matarsa Jannatu ta kama wayar da hantsaki tana kawar da fuska. An ɗauke wuta tun safe, don haka a gawayin da ta ɗora wake yake gasa ƙarfen liƙin. Ya ɗiga dalma, wani siririn hayaƙi ya tashi. Diron ɗinsa, jirgin ɗaukar hoton da yake cin abinci da shi a bukukuwan Gumel, yana kwance a kan farantin tuwo, ciki a buɗe, hannu ɗaya a karye.

Ba iska ce ta kayar da shi ba, kuma ba ganganci ba ne irin na masu koyo. Baba Barau ne, maƙwabcinsu na jikin katanga. Ranar wani suna a layin, Zayyad ya sauko da jirgin ƙasa-ƙasa don ya ɗauko taron mata, sai ya ratsa ta saman tsakar gidan tsohon, matarsa Inna Larai tana wanki ba mayafi. Baba Barau bai yi wata-wata ba, ya ɗauki gorar da ake kakkaɓe yanar gizo da ita ya maka masa. Ya fito da gawar jirgin a hannu, ya ajiye a gaban jama'a.

"Ko magini zai hau katanga sai ya yi shela mata su kintsa," ya ce. "Kai waye da za ka turo mana zirnaƙo mai ido?"

Zayyad ya kwashe kayansa ya tafi. Tun daga ranar gaisuwarsu ta koma ɗaga hannu daga nesa. Jirgin kuwa ya jefa shi a kwali, ya koma ɗaukar biki da kyamarar hannu. Da damina ta kankama, hawan jini ya kayar da tsohon, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Zayyad ya shiga dubiya a cikin ayarin masallaci, ya tsaya a baya-baya, ya fito.

Sai ga Inna Larai da kanta ta yi sallama wata ranar Talata.

"Zayyadu, Malam ne ke kiranka. Ka zo don Allah, kar ka duba halinsa."

Ya same shi a kan katifa, an tokare shi da filo, ɗakin yana warin man zafi. Bakin ya karkace, amma faɗan yana nan daram.

"Zirnaƙon nan naka, ya mutu ne ko da saura?"

"Ai kai za a tambaya, Baba. Kai ka yi masa aika-aika."

"Na yi, kuma ko gobe ya leƙo zan ƙara." Ya tsaya ya huta. "Gonata ta Ɗanzomo nake so ya leƙa min."

Inna Larai ce ta ƙarasa bayanin. Shekara da shekaru ciyawar wuta-wuta ta cinye tsakiyar gonar, gero ya fito ya tsaya iya gwiwa ya yi ja. Bana Malam ya sauki Sha'aibu Bafulatani da garkensa a wurin duk tsawon rani, shanu suka kwana suka tashi a kai har taki ya rufe ƙasa. Ya yi shuka da hannunsa, bai kai ga noman farko ba ya faɗi. Ƙaninsa Ɗalha ya ɗauko hoto da waya, amma gero ya fi mutum tsawo, ba abin da ake gani sai ganye.

"Ɗalha ya ce ta yi kyau," in ji tsohon. "Ɗalha kuwa ko gobara ya gani zai ce min ta yi kyau, don kar hankalina ya tashi. Kai ba ka ƙaunata, ba za ka yi min ƙarya ba. Tsakiyar nake so na gani, daga gawon nan zuwa yamma."

Abin da ya fito da jirgin daga kwali ke nan. Aiki kuwa ba ƙarami ba. Zayyad ya kwance injinan farfela, ya bi su da tsohon buroshin haƙori yana fitar da yashi. Hannun da ya karye ya yi masa ɗori irin na masu gyaran ƙashi: ya yanko ƙarfen lema ya shimfiɗa, ya naɗe da zaren ɗinkin Jannatu, ya jiƙa da gam har ya yi tauri. Abin da ya gagara shi ne siririyar wayar da ke kai hoto daga kyamara, mai kama da ɓawon albasa, ta yage gida biyu. Wannan ba ta liƙuwa. Sai da ya aika Kano, ya zauna jiran direban da zai kawo.

Kullum da safe Inna Larai takan ɗaga murya ta kan katanga. "Jannatu, wai Malam ya ce ya jikin mara lafiyarku?"

"Ki ce masa da sauƙi, Inna. Ya naku?"

"To, mun gode Allah."

Daga yadda take faɗin hakan Zayyad ya san ba sauƙi. Ya daina karɓar aikin biki. Ranar da saƙon ya iso, ya zauna ya zura wayar, ya ɓata lokaci yana neman wani ɗan sukuru da ya faɗa cikin tabarma. Da la'asar ya danna maɓalli, jirgin ya yi ƙara, kyamarar ta ɗaga kai ta juya. Ta ɗan karkace hagu, amma tana gani.

Ya ajiye shi a tsakar gida zai gwada, sai ya tsaya. Ya je jikin katanga ya buɗe murya iya ƙarfinsa.

"Gafara dai masu gida! A kintsa, za a hau sama!"

Can sai ga wata irin dariya daga ɗakin tsohon, rabi dariya rabi tari, har Inna Larai tana cewa, "Malam, a hankali mana, za ka shaƙe."

Washegari Zayyad ya ɗaure kwalin a bayan babur ya kama hanyar Ɗanzomo. An yi ruwa, hanyar gona duk taɓo, sai da hantsi ya yi sosai ya isa. Ɗalha ya nuna masa gawon. Jirgin ya tashi yana ɗan ɗingishi a iska, ɗorin ya riƙe. Zayyad ya bi da shi yamma, idonsa a kan waya, yana jiran jan tabon nan. Bai gan shi ba. Ya dawo ya sake bi, ya sauko ƙasa har iskar farfela tana kaɗa kawunan gero. Tsakiyar ma ta fi gefe duhu, zangarniya cike, ta fara ido.

"Na faɗa masa, bai yarda ba," in ji Ɗalha.

Zayyad ya lalubo lambar Jannatu don ta leƙa ta gaya wa tsohon. Ya duba sunan, ya fasa. Bari dai ya gani da idonsa, ya ga yadda bakin nan zai yi. Ya tsaya ma ya karyo zangarniya biyu, ya soke a jikin kwalin.

Tun daga bakin layi ya ga tabarmi a ƙofar gida, maza suna alwala. Ya kashe babur ya tura shi da hannu. Limamin unguwa ya ce da shi, "Sai haƙuri, Zayyadu. Ana kiran azahar ya cika."

Azahar. Lokacin da ya mayar da wayar aljihu ko rana ba ta take ba. Wannan abu ya tsaya masa a rai, ya yi baƙin ciki irin wanda bai yi ba ranar da aka karya jirgin. Ya kama makara har maƙabarta bai yarda an karɓe shi ba.

Bayan sadakar uku, Jannatu ta ce Inna Larai tana tambayar hoton gonar. Tsohuwar ta shiga takaba, kafin ta fita an girbe geron nan an kai rumbu. Zayyad ya buɗe hoton ya miƙa wa matarsa wayar, ta shiga wajen Inna Larai, shi ya zauna a zauren gidan.

Ya daɗe a nan. Wata akuya ta leƙo ta koma. Daga cikin gida ba a jin komai, sai can muryar tsohuwar, a hankali.

"Nan ne gawon? To tsaya. Mayar min da shi baya, 'yar nan, na sake gani."