Ta Karanta

Ƙafar Hanatu na kan keken ɗinki, tana tsakiyar riga ta goma sha bakwai, sai wayarta ta yi ƙara. Ta ɗauka da hannun hagu, na dama na riƙe da bakin yadi.

"Matar Abugri? Ni ce. Ina Yendi, gidan kawunki. Asabar zan iso."

Ƙit, aka kashe. Haka Mma Azara take, ba ta ɓarnar magana.

Hanatu ta ajiye wayar, cikinta na wata takwas ya motsa. Shekara bakwai ke nan rabon da mahaifiyarta ta kira sunanta, balle ta ce "'yata". Tun ranar da ta bar Salaga ta auri Abugri, malamin makaranta ɗan ƙabilar Kusasi, ta shiga cocinsu a nan Bawku, ta koma "matar Abugri". Babu zagi, babu faɗa, sunan kawai aka janye, kuma abin yana ci mata rai har yau. Ko haihuwar fari tsohuwar ba ta zo ba, daddawa da man kaɗe ta aiko. Yanzu ga ta nan tafe, kuma ta rasa makon da za ta zaɓa sai wannan.

Kai, mako ne! Lahadi ranar Zumuntar Mata, riguna ashirin da biyu na anko duk a wuyan Hanatu. Laraba awo a asibiti, Alhamis gwajin waƙa. Ga Lariba, 'yarta mai shekara biyar, tana fama da tari. Sannan Hanatu aka ba karatun Lahadi da Hausa, don kaf cocin babu mai Hausarta.

To, Hausar Bawku dai ba ta san mace ba. Kowa "ya" ne: uwa ya tafi kasuwa, amarya ya yi kyau, akuya ya haihu. Amma gidan Mma Azara na Salaga tsohon gidan fatake ne, can in ka ce wa mace "ya" sai ka ji ranƙwashi a tsakar ka. "Mace ta, namiji ya! Kakanninmu ba su taho da rabin harshe ba." Da wannan ranƙwashin Hanatu ta girma.

Ran Laraba nas ta danna mata ƙafa da yatsa, wurin ya lotsa.

"Madam, ƙafanka ya kumbura fa. Ka huta."

"Zan huta," in ji Hanatu. "Ran Litinin."

Daga asibiti ta biya kasuwa ta sayo maɓallai, ta koma kan keke. Abugri, bawan Allah, ya karɓi girki kwana biyu, ya yi tuwon da Lariba ta ce ya yi kama da sabulu. Alhamis ta yi waƙa a zaune, tana kalmasa bakin riga a cinya. Juma'a ta gama ta ashirin da biyu, ta miƙe da ƙyar tana dafa ƙugu, ta dube su jere a kan igiya. Wallahi sun yi kyau, kuma ta san sun yi.

Asabar da la'asar Mma Azara ta sauka daga mota da ƙullin kayanta da butarta. Ta dubi cikin, ta dubi ƙafafun, ta ce, "Sannunku." Shi ke nan. A gida Lariba ta ruga da gudu tana ihu, "Kaka ya zo! Kaka ya zo!"

Tsohuwar ta tsaya cak. Ta juyo ta kalli Hanatu.

"Har ita ma an ɓata mata baki."

Maganar ta soki Hanatu. Tana kallo mahaifiyarta ta ciro riga ɗaya daga igiya, ta juya cikinta waje, ta bi ɗinkin da babban yatsa tun daga wuya har ƙasa, ta mayar. Sai ta shiga kicin ta kori Abugri daga bakin tukunya.

Da safen Lahadi Abugri ya rusuna ya ce, "Mma, ki huta a gida, ba za mu daɗe ba."

"Zan raka matarka bakin ƙofa. Ban ce zan shiga ba."

Ba ta shiga ba kuwa. Ta samu benci a gindin dogonyaro, kusa da mai sayar da koko, ta zaro carbinta. Sai dai lasifikar cocin a jikin taga take rataye, tana fuskantar bishiyar sak.

Da lokaci ya yi Hanatu ta hau mumbari a hankali, matakala ɗaya bayan ɗaya. Gabanta mata ashirin da ɗaya sanye da aikin hannunta. Bayanta na ciwo, takalmin ya matse ta, ɗan cikin na harbi, amma ta buɗe baki ta fara. Labarin wata mace ne, daga farko har ƙarshe: ta tashi, ta tafi, ta yi, ta dawo. Hanatu ta ajiye kowace "ta" a mazauninta, ba gaggawa, ba tuntuɓe, da muryar gidansu na Salaga. Ta san wa take yi wa karatun. Ta taga tana hango farin mayafin tsohuwar, ba ya ko motsi.

Da ta sauko, Dattijo Ayamba mai sanarwa ya karɓi makirufo yana washe baki.

"Jama'a, ku tafa ma Madam Hanatu! Shi ya ɗinka rigunan nan duka, shi ya karanta, ga ciki kuma. Kai, ya yi ƙoƙari!"

"Ta yi ƙoƙari!"

Muryar daga taga ta fito, kuma ba ta buƙaci lasifika ba. Kawuna suka juya. Ga Mma Azara tsaye, carbi a hannu, ta dafa ƙarfen taga.

"Ita ta ɗinka, ita ta karanta. Mace ce, ba ka ganin ciki? 'Yata ce, ni na koya mata."

Dattijo Ayamba ya sosa ƙeya. "To, Mma, a yi haƙuri. Ta... ta yi ƙoƙari."

Dariya ta ɓarke, tafi ya biyo baya, mai ganga ma ya sa hannu. Hanatu ba ta yi dariya ba. Tana tsaye a gindin mumbari, hannu a kan ciki, hawaye na zuba a kan sabon anko, kanta a sama.

Tsohuwar ta gyara mayafi kamar ba ita ta yi magana ba. Har ta juya za ta koma bencinta, sai ta waiwayo.

"Hanatu, in kun tashi ki zo ki ɗora ƙafafun nan a kan benci. Na sa an ajiye miki koko."