Awakin Dungu 'Yan Italiya

Fatun awakin Dungu ne, Munkaila baduku da kansa yake sayensu a kasuwar Matameye. Sai dai jima mai laushi da rini mai sheƙi a Kano ake yi, don haka can yake aika su, in sun dawo ya ɗinka takalma. An ce akwai yarjejeniya, kayan yankin nan su ƙetare iyaka ba haraji, shi kuwa ya riƙe maganar kamar laya.

Mutanenmu kuma, Allah ya shirye su, ba su ganin darajar abu sai an ce daga nesa ya zo. Shi ya sa Munkaila ya sa majemin Kano yana buga wa kowace fata tambarin Italiya. Shekara uku ana rububin takalmansa.

Saura sati biyu Sallah, ya je kan iyaka karɓo fatunsa, ya yi rashin sa'a ya faɗa hannun wani ɗan duwan, wato jami'in kwastan, mai bin diddigi. Mutumin ya juya fata, ya karanta.

"Baba, wannan ta Italiya ce. Ba ta cikin yarjejeniya."

Ran Munkaila ya ɓaci. Harajin ya fi ƙarfinsa, in kuwa fatun suka maƙale nan, ba takalmin Sallah, ba ciniki sai baɗi. Ya buɗe baki zai yi bayani, sai ya hango Hajiya Mas'uda a bayansa cikin layi, wadda ke sarar takalmansa tana kai wa matan manya a Damagaram. Ga ma takalmin nasa ƙafa ɗaya yana leƙowa ƙarƙashin zanenta.

Ya share gumi. Gaba kura, baya sayaki. Can dai haushi ya ci ƙarfinsa.

"Haba shef! Wace Italiya? Wallahi awakin Dungu ne! Wata ma akuyar ni na ci namanta ranar sunan jikana. Tambarin ni na ce a buga!"

Layi ya ɗauki dariya. Hajiya Mas'uda ta sunkuya ta dubi ƙafarta, ta ɗago a hankali.

"Munkaila, akuya na sayar wa matar gwamna?"

Tunda ya riga ya zubar da mutuncinsa, ai sai a ba shi kayansa. Munkaila ya miƙa hannu zai ɗauka.

Ɗan duwan ya janye ƙunshin fatun zuwa bayan tebur.

"Na yarda da kai, Baba. Amma ni ba na aiki da rantsuwa. Abin da aka rubuta nake bi."