Idon da Injiniya Ya Rufe

Ina riƙe masa kofin ruwa abokin aikinsa ya shigo da kwamfuta a hammata. Kwana tara ke nan da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da maƙwabcina Injiniya, ta ɗauke masa magana da hannun dama. Ni tela ne, shagona na jikin gidansa, idan matarsa ta tafi karɓo magani ni ke zama da shi.

Shekara shida ya yi yana gina wata manhaja mai zana tauraron ɗan'adam. Ka ba ta nauyinsa da nisan da zai yi daga ƙasa, ita ta fitar da sauran, har girman batir. Amma duk abin da ta fitar sai ya sake lissafawa da fensir. Na sha yi masa tsiya, ga keken ɗinki a gabansa yana ɗinkin hannu.

Abokin aikin ya ce Litinin za a miƙa zanen ga masu ƙerawa, ya kawo ne oga ya gani ya ji daɗi. Ya yi ta juya shafuka. Da aka zo kan batir, Injiniya ya ɗaga hannun hagu ya dangwali allon, ya rufe ido ɗaya.

"Ka gani, ya yarda," in ji mutumin.

Shekara goma sha ɗaya ina masa ɗinki, in ya rufe idon nan to awo bai yi ba.

"Malam, bai yarda ba fa. Akwai gyara a wurin nan."

"Wane gyara?"

Na saƙala wa Injiniya fensir a yatsu. Ya ja wani karkataccen layi, fensirin ya suɓuce ya gangara ƙarƙashin gado. Ya zuba mini ido, wai ni ne zan yi masa baki. Ban taɓa jin haushin jahilcina irin na ranar ba. Mutumin ya ce manhajar ta duba sau uku, ya yi masa addu'ar samun sauƙi, ya rufe kwamfutar.

Ranar Asabar da hantsi Injiniya ya cika. Wajen zaman makoki na sake tarar da mutumin, na tuna masa zancen batirin. Ya dafa kafaɗata ya ce zai duba, irin "zan duba" ɗin da nake sallamar masu jiran kaya da shi.

Litinin da safe motar ofis ta zo ta kwashi takardun Injiniya. Ina zaune da zare a allura, ƙafata a kan keke ban taka ba, har motar ta sha kwana.