Taken Ɗan'auta

Tun ranar da aka ce wani afandi, ma'aikacin kwamitin al'adu, zai zo daga birnin Madani da rikoda ya ɗauki kiɗa don rediyo, yayana Jibo bai sake zama wuri ɗaya ba. Ya shiga ɗaki, ya fito, ya ɗaure ganga, ya kwance ta. Ni Barakatu har jiri ya sa mini.

Kuma ba son a ji shi a rediyo ba ne. Jibo makaɗin noma ne, kowane ƙato a ƙauyenmu yana da takensa, kiɗan da in an buga masa, ko yana tsakiyar auduga sai ya ɗaga fartanya ya amsa. Ƙanenmu Ɗan'auta kuwa tun da ya tafi aikin dam a Rusairis, shiru, ba saƙo ba labari. Innarmu Kulu ta daina kiran sunansa, amma kullum sai ta rage masa tuwo.

"In ya ji takensa a rediyo, wallahi zai dawo," in ji Jibo. "Bai taɓa ji ya ƙi amsawa ba."

Afandin ya kafa na'urarsa a bakin tur'a, magudanar ruwan gonakinmu, ya ce shi kiɗan rawa yake so. Jibo ya ce to, amma ya fara da taken Ɗan'auta, a hankali, ya maimaita, ya sake. Afandi sai duba agogo yake. Da Jibo ya juya zuwa kiɗan gayya, samari suka faɗa fili, mutumin ya washe baki yana "Tamam! Tamam!"

Sai jira. Jibo ya bar ban ruwan gonarmu, yana sintiri zuwa kantin Abdussalami, inda rediyon gari yake.

Juma'ar da aka ce za a sa kiɗan, bayan la'asar, duk gari na ƙofar kantin. Inna har da sabon mayafi. Mai gabatarwa ya zuba surutu, kamar ba zai gama ba, sai ga ganga, kai tsaye kiɗan gayya. Yara suka ɗau ihu. Mu muna ta kasa kunne, har aka shiga labarai. Taken Ɗan'auta kuwa babu shi.

Washegari Jibo ya hau lori sai Madani. Daga baya ya ce mini afandin har shayi ya ba shi, da fara'arsa, abin haushi.

"Na farkon nan? Ya zol, bawan Allah, ai na ɗauka gwada ganga kake. Na goge shi," in ji afandin.

Gwada ganga! Ni da ina wurin, da shayin nan a rigarsa zai ƙare.

Da Jibo ya dawo, Inna na zaune a bakin ƙofa.

"Yaushe za su sa nasa?"

Jibo ya kalli ƙasa. "Juma'a mai zuwa, Inna."

Har yau, duk Juma'a bayan la'asar, sai ta yafa mayafin nan ta riga kowa zuwa kantin Abdussalami.