Ruwan Makokin Malam Hambali

"Karanta mini ta gaba," in ji Malam Hambali.

Yana kwance a tabarma a zaurensa, an tokare masa baya da matashi. Na zaro wata takardar daga jakar fatarsa.

"Gidan Sule maɗinki. Yaya ruwan famfo? Lafiya lau. Akwai kuka? Babu."

"Sule," ya ce, ya yi tari. "'Ya'yansa biyu kurkunu ya kwantar bana."

Wannan a watan Afrilu ne na 1956, tsakiyar bazara. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa a Yakasai. Ni na yi shekara tara ina gyaran rubutu a gidan jarida kafin ciwon ido ya dawo da ni gida. Shi kuwa malami ne a ofishin ruwa, aikinsa bin gida-gida yana tambayar mutane yadda suke samun famfo, ya rubuta, ya kai. A shekarar ofishin ya samu bututun da zai isa sababbin famfuna shida, za a ba unguwannin da takardunsu suka nuna buƙata. Saura mako biyu a zauna a raba.

Lungunmu gida tamanin da uku ne, famfo ɗaya, shi ma ba ya kawo ruwa sai ɗan lokaci da asuba. Sauran yini ruwan kududdufi ake sha. Duk gidajen sun ce lafiya lau.

"Ban ga laifinsu ba," in ji shi. "Na zo da jakar ofis, mai unguwa yana tsaye a bayana. Wa zai dubi hukuma ya ce ruwanta ba ya zuwa? Ni kaina da na zo kan gidana, lafiya lau na rubuta."

"To ka gyara mana. Alƙalamin a hannunka yake."

"Abin da ba a faɗa mini ba, ba na rubutawa. Kai ka fi kowa sani, ɗan jarida."

Yayarsa, Gwaggo Zinariya, wadda ke jinyarsa tun rasuwar matarsa, ta leƙo da kwanon kunu.

"Da ni kuka tambaya da tuni an gama," ta ce. "Sai ku bi maza, waɗanda ba su san inda tulu yake a gidansu ba."

"Takardar cewa ta yi a tambayi maigida, Yaya."

"To takardar ta zo ta ɗebo ruwa."

Bai sha kunun ba. Da ta koma ciki ya yafito ni.

"Malam Salihu, asibiti sun sallame ni, ka san abin da ake nufi. Abu biyu nake so. Shugabana Malam Gwadabe baƙo ne, watansa biyu da zuwa daga Zariya, ba wanda ya san fuskarsa a nan. Zai zo ta'aziyya. Ka aika masa ya zo bayan azahar, lokacin da mai unguwa yake shiga gida. Kada ka faɗi ko shi wane ne. Ka zaunar da shi kusa da Mailafiya mahauci."

"Na biyu fa?"

"Kada a sayi ruwan ga-ruwa saboda baƙi. Abin da muke sha, shi za a ba kowa."

"A kunyata ni ranar mutuwarka?" in ji Gwaggo daga bayan asabari.

"Kunyar ba taki ba ce, Yaya."

Ya rasu ranar Laraba da hantsi. Famfo a bushe yake. Da tulu ɗaya aka yi masa wanka, wanda Gwaggo ta yi asuba uku tana tarawa, ta rufe da faifai ta hana kowa taɓawa. Kafin azahar mun dawo daga maƙabarta.

Washegari Malam Gwadabe ya zo a kan keke, cikin farar riga mara aiki. Na ajiye keken a gidana, na kai shi inda aka ce. Mu kusan ashirin ne a kan tabarmi. Aka yi addu'a, aka miƙa masa kwanon ruwa. Ya buɗe, ya tsaya yana kallo. Ruwan kore ne.

"Sha, Malam, kada ka duba," in ji Mailafiya. "Mu nan mun daina dubawa. Daga ina?"

"Daga Zariya. Ba ku da famfo ne?"

"Akwai mana. Ga shi can bakin lungu, in ka fita ka gaishe shi. Ƙarfe ne mai kyau, ana ɗaure akuya."

Sule maɗinki ya ce nasa yaran wata biyu ba su taka ƙasa ba. Wani ya ce matarsa ta fasa tulu uku a rububin asuba. Wani ya janye wando ya nuna tabo a idon sawunsa.

"Ba a taɓa zuwa an tambaye ku ba?" in ji Malam Gwadabe.

"An zo. Marigayi da kansa, Allah ya jiƙansa."

"Me kuka ce?"

"Me za mu ce? Lafiya lau!"

Suka fashe da dariya, sannan suka tuna inda suke. Liman ya ce a yi Fatiha.

Malam Gwadabe ya zauna har la'asar, ya yi alwala da ruwan nan. Da ya zo ɗaukar keke sai ya nemi jakar fatar marigayi, na ɗauko masa. Ya juya takardun, ya yi rubutu a bayansu a tsaye a zaurena, kusan rabin awa.

"Shi ya shirya wannan?"

"Shi ne."

"Bai taɓa faɗa mini a ofis ba."

"Ka tambaye shi?"

"Na tambaya," ya ce, yana ɗaure jakar a bayan keke. "Ya ce lafiya lau."

Kwana biyu bayan sadakar arba'in, leburori biyu daga ofishin ruwa suka shigo lungu da igiyar awo. Suka auna, suka kafa turke mai jan fenti taku huɗu daga ƙofar zauren Malam Hambali, suka tafi. Can Gwaggo Zinariya ta fito da mayafi. Ta dubi turken, ta ajiye tulunta a gefensa babu komai a ciki, ta ɗora faifai, ta koma gida.