Kuɗin Idon Inna

Ƙanena Fakhruddeen yana da injin shanye ƙurar mota, alhali ko keke bai mallaka ba. A gosulo ya saye shi, cikin cunkoson motoci, ta tagar motar haya, wata ranar Talata yana dawowa Suleja daga wurin aikinsa a Abuja. Da na tambaye shi me zai yi da shi, sai ya ce ai mota za ta zo in Allah ya yarda, kuma mai tallan ya rage masa dubu biyu. Shekararsa talatin da huɗu, da mata da 'ya'ya biyu, amma da zarar ya ga abu mai ƙyalli a cikin kwali, shi ke nan hankali ya tafi.

Ni ce babba a gidanmu, sunana Luba, robobi da kwanuka nake sayarwa a kasuwa. Bamalli ke bi mini, yana Kaduna yana aikin walda, sai Fakhru auta. Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa. Inna ce ta rage mana, tana gidanmu na gado a Kurmin Sarki, Fakhru da matarsa Mardiyya suna ɓangare ɗaya na gidan.

Ba sayen ne ya fi ƙona mini rai ba, nadamar ce. Duk ranar da ya yi ɓarna, washegari sai ga shi a rumfata, ya zauna a kan bencina ya sunkuyar da kai.

"Yaya, ni ban san me ke damuna ba. Wallahi ni ba mutum ba ne."

Sai in bar mai ciniki a tsaye in koma lallashin ƙaton gardi. Ya sha ruwana mai sanyi, ya tashi zuciyarsa wasai, ni kuma ya bar ni da ciwon kai. Har littafi gare shi na rubuta abin da ya kashe, mai bangon fata, dubu huɗu da ɗari biyar ya saye shi don ya daina kashe kuɗi. Komai yana ciki, har naira ɗari ta gyaɗa. Wanda ya ga ɓarna ce sai ya ja masa layi da jan biro, ya rubuta "kuskure" a gefe. Rubutu tsaf-tsaf kamar na malamin makaranta. Akwai watan da ya biya dubu goma sha biyar aka saka shi a wani aji na waya inda ake koyar da tattali. Shi ma yana cikin littafin, da jan layinsa.

Bara da damina idon Inna na dama ya rufe da yana, na hagun ma ya fara dishi-dishi. Muka kai ta wani asibitin ido a Abuja, likita ya ce aiki za a yi, dubu ɗari biyu da tamanin, sai an biya sannan a ba da rana. Na kwashi adashina na ba da ɗari da ashirin. Bamalli ya ce zai turo ɗari. Sauran sittin na Fakhru ne.

Tunda shi kullum yana Abuja, sai na ce a tura masa duka ya je ya biya. Ni na faɗi haka da bakina, ni da na fi kowa sanin halinsa. Ban so in rufe rumfa ranar Asabar ba ne, ranar da ciniki ya fi tafiya.

Mako ɗaya ya wuce, ya ce likita ya yi tafiya. Mako na biyu ya ce injinsu ne ya lalace. A na uku, da hantsi, sai ga Mardiyya a rumfata da goyo, ko gaisuwar kirki ba ta tsaya mun yi ba.

"Yaya Luba, don Allah ki zo gida ki gani da idonki. Ni na gaji da rufa asiri."

Na bar wa maƙwabciyata rumfa na bi ta. A tsakiyar falonsu, an ture kujeru gefe, ga wani ƙaton inji baƙi, irin wanda ake hawa a yi ta gudu ba a zuwa ko'ina. Ko ledar hannuwansa ba a cire ba. Mardiyya ta shanya zanen goyo a kai.

"Wannan fa?"

"Na motsa jiki ne. Wai wani shago ne zai rufe, suka karya kuɗinsa. Sau biyu ya hau, rana ta uku aka ɗauke wuta yana kai, saura kaɗan ya fasa baki."

"Nawa?"

Sai ta ɗauko littafin daga kan talabijin ta miƙo mini. Na buɗe. Ga shi nan, kwana ɗaya bayan kuɗin Bamalli ya shigo: dubu ɗari da casa'in. A ƙasa, kuɗin motar da ta kawo shi, dubu goma sha biyu. A ƙasa kuma takalmin gudu, sha takwas. Ya ja jan layi har biyu. A gefe ya rubuta, "Babban kuskure. Zan mayar ranar albashi." Albashin nasa duka-duka ɗari da arba'in ne.

Na zauna na jira shi. Da la'asar ya shigo, yana ganina da littafin a cinya sai jakarsa ta faɗi. Ya durƙusa a gabana kamar wanda aka kama da akuyar mutane, hawaye suka fara.

"Yaya, mako uku ba na barci. Ko abinci ba ya shiga. Ki tambayi Mardiyya."

"Yana shiga," in ji Mardiyya daga bakin ƙofa.

"Ki zage ni, Yaya. Ki mare ni, na cancanta."

Abin da yake so ke nan. In yi ta faɗa har muryata ta dishe, shi kuma ya yi kuka har ya gaji, a tashi an yi kunnen doki. Na dube shi, ga tumbin da ya sayo wa inji, ga majina a gashin baki. Ko ɗigon tausayi ban ji ba.

"In ka gama," na ce, "ka tashi ka samo keke napep guda biyu."

"Na me?"

"Kaya za mu kai kasuwa."

Muka fito da komai. Ban san yawan shirgin ba sai ranar. Injin ƙurar mota, abin tausa mai kama da bindiga, agogo uku da ke ƙirga taku, fitilar ɗaukar hoto mai zagaye, blanda biyu, wata tukunya mai aiki da lantarki da ba a taɓa dafa ko ruwa a ciki ba. Inna tana zaune a tabarma a tsakar gida, tana jin ana ta fita da kaya.

"Luba, tashi za su yi ne?"

"A'a Inna, shara muke."

Fakhru ya so ya bi mu a baya a kan acaɓa. Na ce a'a, cikin keken zai zauna ya riƙe injinsa, kowa a unguwa ya gan shi.

Obiora, mai shagon kayan lantarki a layinmu, yana sayen na hannu. Shekara goma muna maƙwabtaka da shi. Ya zagaya injin sau biyu, ya ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa, ya dubi Fakhru daga sama har ƙasa.

"Oga, kai ka saya wannan? A Suleja? Da wace wuta?"

Sannan ya juyo wurina.

"Madam Luba, saboda ke, dubu saba'in. Ni ma zai zauna mini a shago sai Kirsimeti."

"Sabo ne fa!" Fakhru ya ce. "Ɗari da casa'in na saya, kuma asalin kuɗinsa ɗari uku ne."

"Wa ya gaya maka ɗari uku?"

"Mai shagon."

Obiora ya yi dariya har ya dafa bango. Na ja shi da ƙyar zuwa tamanin. Sauran tarkacen gaba ɗaya ya saye su dubu talatin da takwas, injin ƙurar kuwa ya ce ko kyauta ba ya so, ba ya aiki. Da aka zo kan agogunan, sai na ga Fakhru ya zare ɗaya yana turawa aljihu.

"Wannan ina amfani da shi, Yaya."

Na miƙa hannu kawai. Ya ajiye shi a tafina.

Ɗari da sha takwas muka tashi da shi. Na ƙirga a gabansa na ɗaure a bakin zanena. A hanyar komawa ya zaro katin bankinsa ya miƙo mini, wai in riƙe masa daga yau, shi ya san ba zai iya da kansa ba. Na taɓa riƙe masa shekara biyu da suka wuce, ashe ta waya yake tura kuɗin. Na ce ya mayar da abinsa aljihu, ni ina da 'ya'yana da nake raino.

Ranar albashi na rufe rumfa na tsaya masa a wurin mai POS ta bakin layinmu, ya ciro tamanin ya ba ni. Wata na gaba ma haka, ragowar dubu biyun ni na cika. Mardiyya ce ta sha wahalar watannin nan, garin kwaki da wake suka yi ta ci, ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba.

Kafin kuɗin su cika, wata safiya Inna ta tashi za ta zuba ruwan zafi a fulas, ba ta ga bakinsa ba, ta kwarara a hannunta. Fatar bayan hannun ta saɓule. Ni na riƙa zuwa kullum ina wanke mata. Fakhru kuwa ya tsaya a bakin ƙofa yana sharɓe, har Inna, da hannunta a naɗe, ta koma ba shi haƙuri.

"Auta, daina kuka, ƙaddara ce. Luba, ki ce masa ya daina."

Ban ce ba. Ina naɗa bandeji ina lissafin cinikin da na yi a waccan Asabar ɗin da na ƙi rufe rumfa. Dubu goma sha ɗaya ne da 'yan kai. Ban gaya wa kowa ba, ban kuma je rumfar wani na zauna masa a benci ba.

An yi aikin bayan wata biyu da rabi. Ni na kai kuɗin da hannuna, na karɓi rasit. Da aka cire mata auduga, Inna ta daɗe tana kallon tabon hannunta, sannan ta ce ashe bangon ɗakinta ya yi datti haka ba wanda ya gaya mata.

Bayan kwana biyu ta kira ni gefe ta ce kada in gaya wa Bamalli abin da ya faru, kada 'yan'uwa su ɓata. Ashe ta sani tun ranar da aka fita da kaya. Na ce mata ai na riga na gaya masa, tun a ranar.

Yanzu duk abin da Bamalli zai aiko wa Inna, ni yake tura wa. Da Fakhru ya gane haka sai ya yi fushi, wai an mayar da shi ɓarawo a gidan ubansa. Ya daina gaishe ni, in na shiga gidan sai ya shige ɗaki. Mardiyya ta ce mini ya rage saye-saye, ko don ba abin sayen ne, ita ma ba ta sani ba. Mako uku yana wannan fushin. A na huɗu ya biyo ta rumfata bayan sallar Juma'a, ya tsaya daga waje ya ce, "Yaya, ina wuni." Na amsa masa, na ci gaba da yi wa wata mata cinikin bokiti.